Allo na rubuta "No Signal": me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na sayi laftof HP EliteBook 840 G3 'yar Beljiyam, ina so in jona ta da allon kwamfutar tebur da ke shagon don mai aiki ya riƙa ganin takardarsa kafin a buga. Wayar HDMI ta ƙi shiga ramin laftof ɗin, da na sa ta VGA kuma sai allon ya rubuta "No Signal". An ce allon ne ya mutu. In sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Allon da ya iya rubuta maka saƙo da ransa. Abin da yake faɗa shi ne babu hoton da ke iso masa.

Wayar HDMI kuwa, don Allah kada ka sake tura ta da ƙarfi. Wannan ramin ba nata ba ne, DisplayPort ne. Haska shi da fitilar wayarka ka gani: bakin HDMI kusurwoyinsa biyu ne a yanke, na DisplayPort kusurwa ɗaya ce kawai. EliteBook 840 daga G1 zuwa G4, da Folio 9470m da 9480m da suka cika kasuwanninmu, duk da shi suka zo, domin don ofisoshi aka ƙera su. Mutane da yawa sun lalata ramin nan garin cusa masa abin da ba nasa ba.

Koma kan VGA ɗin. Allon da ke da ramuka biyu ba kowane ne ke gane inda aka jona shi da kansa ba. Nemi maɓallin da aka rubuta Source ko Input a gefensa ko ƙasansa, ka zaɓi VGA. Daga nan ka danna maɓallin Windows tare da harafin P a laftof. Zaɓi huɗu za su fito. Duplicate zai nuna abu ɗaya a fuskokin biyu, shi ne ya dace da aikinka. Extend kuma zai ba ka ƙarin fili ne. Idan an bar ta a kan "PC screen only", ko allo goma ka saya haka za su zauna baƙi ƙirin.

In duk wannan bai yi ba, zare wayar ka duba bakinta. Layi uku ne na 'yan allurai siraran gaske, kuma a shago irin naka da ake yawan cirewa da mayarwa, ɗaya takan lanƙwashe ta kwanta a kan 'yar'uwarta. Ga kuma ƙurar hunturu da ke cika ramin. Aro wayar maƙwabci ka gwada, ka ɗaure kusoshin nan biyu na gefe sosai.

Abin da na yarda ka saya ɗaya ne: waya mai DisplayPort a baki ɗaya, HDMI a ɗayan. Rubutu zai fi fitowa tas fiye da na VGA, ga shi aikinka duk na rubutu ne. Amma ka ɗauki laftof ɗin ka tafi da ita wurin mai kaya a jona a gabanka. Mai shagon da ya ce sai dai ka je gida ka gwada, yi masa sallama ka wuce na gaba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Daura. Laftof ɗina HDMI kawai gare ta, majigin makarantarmu kuma VGA. Na sayi waya mai baki biyu, ba ta nuna komai ba.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Waɗannan biyun ba hanyarsu ɗaya ba. VGA tsohuwar fasaha ce da IBM ya fito da ita a 1987, tana aika hoto ta hawa da saukar lantarki, HDMI kuwa lambobi take aikawa. Zallar waya ba za ta haɗa su ba, sai da ɗan ƙaramin akwati mai na'ura a ciki da ke juya hoton, wanda 'yan kasuwa ke kira konbata. Kuma hanya ɗaya yake bi. Naki shi ne mai ɗaukowa daga HDMI ya kai VGA. Akwai mai yin akasin haka, a ido kusan iri ɗaya ne, don haka ki karanta kwalin da kanki. VGA ba ta ɗaukar sauti, in za ki nuna wa ɗalibai bidiyo ki nemi wanda ke da ramin jona lasifika. Idan har da ramin caji na USB, ya fi, domin wasu laftof ba sa ba shi isasshiyar wuta, sai hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Za a iya tallata miki na USB-C. Ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba. Sai wanda kamfanin ya ce yana yi, galibi mai alamar walƙiya ko harafin D a gefensa.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Da ina jona laftof da talabijin lafiya lau, tun da aka yi mata fomatin ta daina. Ramin ne ya ƙone?

Amsa: Da wuya, ƙanena. Wanda ya yi maka fomatin ne bai mayar da direban hoto ba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa na'urar hoton laftof ɗin. Buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In ka ga "Microsoft Basic Display Adapter" maimakon sunan Intel, AMD ko NVIDIA, to ga matsalar nan. Sayi data, ka kunna Windows Update, ko ka shiga shafin kamfanin laftof ɗin ka sauke direban samfurinka, sannan ka kashe ta ka kunna. In kuwa jikin talabijin ɗin na ɗan jan ka idan an tayar da janareta, ka riƙa kashe talabijin ɗin daga soket kafin ka jona wayar, domin irin wannan wutar ce ke iya ƙona ramin da gaske.