Amsa ga mai tambaya kan "look for", "look after" da danginsu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina shirin WAEC, kin haddace dogon jerin phrasal verbs, wato aikatan Turanci da ke tafiya da wata ƙaramar kalma, amma da kin zauna gaban tambayoyi sai komai ya cakuɗe, ki rasa inda za a sa "for", inda za a sa "after" ko "up". Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma kusan kowace shekara sai ɗalibai sun kawo mini wannan kukan.

Haddar jerin ce matsalar. Ki duba "ci" a Hausa: ci gaba, ci amana, ci bashi, ci jarrabawa, ci mutunci. Babu wanda ya zaunar da ke ya haddatar da ke su, a cikin zance kika tsince su kowanne dunƙule da ma'anarsa. Haka Bature yake ɗaukar nasa. "Look" kaɗai duba ne, amma "look after" kula da, "look for" nema, "look into" bincike, "look down on" raini. Ba mu kaɗai abin yake wahalarwa ba. Tun 1755 Samuel Johnson ya rubuta a gabatarwar ƙamus ɗinsa cewa wannan haɗin ne ya fi ba baƙin harshen wuya.

Duk da haka akwai tsari, kuma shi ne ba a cika koyarwa ba. Ƙaramar kalmar da ke bin aikatau iri biyu ce, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Wata tana iya matsawa ta koma bayan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, wata kuwa ba ta motsi. Za ki iya cewa "She turned off the fan", za ki iya cewa "She turned the fan off", duka daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: "She turned it off". Idan kika ga "turned off it" a cikin zaɓin amsoshi, ki tsallake shi. Su "pick up", "put on", "give back", "throw away" duk haka suke.

Iri na biyu shi ne ainihin preposition, wato ƙaramar kalmar da dole suna ko wakilin suna ya bi ta, ita ba a raba ta da aikatau ko da wakilin suna ne ya biyo: "look after him", "depend on her", "listen to it". Ba a cewa "look him after".

Misalin da nake rubutawa a allo shi ne "turn on", domin yana shiga gida biyun. "He turned on the radio", ya kunna rediyo, idan an taƙaita sai a ce "He turned it on". Amma "The dog turned on its owner", kare ya juya ya far wa ubangidansa, wannan sai dai "turned on him". Kalmomi ɗaya, ma'ana daban, zama daban. Ina sa ɗalibai su faɗi jimlolin biyu da ƙarfi har su ji cewa a ta farko murya tana sauka kan "on", a ta biyu kuwa "on" ɗin a sassauce take fita. Wanda kunnensa ya kama wannan ya rage wa kansa hadda mai yawa.

Sai masu kalma uku: "put up with", "run out of", "catch up with", "get on with", "look forward to". Waɗannan a jere suke tafiya, ba a cusa komai a tsakaninsu. Ki kula da na ƙarshen sosai, domin a rubutun wasiƙa yana cinye maki. Ɗalibi zai rufe wasiƙarsa da "I look forward to hear from you", yana ganin ya burge. Kuskure ne. "To" ɗin nan preposition ce, shi ya sa ake cewa "I look forward to the holiday", suna ne ke bin ta. Idan aikatau ne zai biyo sai ya ɗauki -ing: "to hearing from you". Haka "object to" da "be used to".

Wani tarkon kuma Turancinmu ne na Nijeriya, wanda muka saba ji har ya zame mana daidai. Muna ƙara kalma inda ba a buƙata: "discuss about", "comprise of", "emphasize on", "request for" idan aikatau ne. Duk waɗannan kai tsaye suke ɗaukar karɓau, "discuss the matter" kawai. "Cope up with" ma babu shi, "cope with" ne, ina jin kamannin "put up with" ne ya ja mu. Taya murna "congratulate on" aka fi yarda da shi, ba "for" ba. Sannan mai gabatarwa a taron biki ya ɗauki makirfo ya ce "let us round up", alhali "round off" shi ne kammalawa, "round up" kuwa abin da 'yan sanda ke yi wa waɗanda ake zargi ne idan sun tattara su. A wasu wuraren kuma aikatau ɗin muke jefarwa gaba ɗaya, mu ce "off the light", "on the gen". Ni dai ba na ganin laifin mai faɗin haka a gida ko a kasuwa, kowa ya fahimce shi. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO jan biro zai sa.

Dalilin da ya sa da yawa daga cikin phrasal verbs suke da takwara mai kalma ɗaya tarihi ne. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin sun kwararo cikin Turanci. Shi ya sa ake da "put off" da "postpone", "find out" da "discover", "put up with" da "tolerate". A wasiƙar hukuma na biyun sun fi dacewa, kuma mafita ce idan kika yi shakka a ɗakin jarrabawa. A hira kuwa na farkon ake yi.

Abin da zan ce ki yi: ki samu ƙamus na Oxford Advanced Learner's, akwai shi a intanet kyauta. Idan kika duba "turn off" za ki ga 'yar kibiya mai kai biyu, alamar ana iya raba shi ke nan, inda babu ita ki bi jerin kalmomin yadda ƙamus ɗin ya nuna. Ki ware littafi, duk wanda kika tsinta ki rubuta shi cikin cikakkiyar jimla kan abin da ya shafe ki, kamar "We ran out of gas yesterday", sannan ki sake rubuta ta da wakilin suna. Ki tara su bisa ƙaramar kalmar maimakon aikatau, za ki lura "up" sau da yawa tana nuna ƙarewa ƙaf, kamar "eat up" da "use up", ko da yake ba kullum ba.

Kin kuma tambayi "fill in" da "fill out" na cike fom. Duka daidai ne, na farko ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka, kuma jarrabawarmu ta fi karkata ga na Ingila. Ki rubuto jimla biyar da "put up with", "turn down" da "look forward to", zan duba miki in sha Allah.