Tambayi Likita: Ƙuna ta kusa warkewa, tsoron wuta ya hana ta barci

Tambaya: Likita, koko mai zafi ya zube wa ɗana a hannu, na shafa masa man goge baki. Na yi daidai? (Wata uwa, Mamobi, Accra)

Amsa: Ba ki yi daidai ba, Hajiya. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, har baƙin man mota ake laftawa a fatar yara, abin yana ci mini rai! Duk datti suke ƙara wa ciwon. Ruwan famfo ake kwararawa minti 20, ban da ƙanƙara, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ki kai shi asibiti yau.

Tambaya: A fasa bororon ƙuna? (Wani matashi, Sabon Zango)

Amsa: A'a. Ka bar shi, ka je a duba maka.

Tambaya: Ƙanwata mai tuyar ƙosai ce a Nima. Wata 4 ke nan da wutar gas ta ƙona ta. Ciwon ya kusa warkewa, amma ba ta barci, da ta ji warin gas sai jikinta ya hau ɓari. A gida wasu sun ce iska ce, wasu sun ce rashin tawakkali. (Yayarta)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ciwo ne sananne, kuma yana da magani. Ba ya nuna raunin imani. Wanda wuta ta taɓa ci, ƙwaƙwalwarsa takan riƙe abin, sai wari ko ƙarar ashana su dawo masa da ranar. Ki tambayi waɗanda suka tsira daga gobarar gidan mai ta Circle a Accra ranar 3 ga Yuni, 2015.

Fargaba da ƙuna ƙarfafa juna suke. Mai jin tsoron wankin ciwo ya fi jin zafinsa, zafin kuma ya ƙara masa tsoron wankin gobe. Damuwa mai tsawo tana ɗaga sinadarin kotisol a jini, shi kuma yana jinkirta warkewar fata. Ga ƙaiƙayi da dare, ga tunanin tabo, ga sana'a ta tsaya, kuɗin haya na jira.

Idan mugun mafarki, firgita da gudun murhu suka wuce wata 1, lokacin ganin likita ya yi, ita kuwa ta daɗe da wuce nan. Ku koma sashen ƙuna na asibitin Korle Bu, ku faɗa musu ƙarara ba ta barci, a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsa ba hauka ba ne. In har yanzu ana wanke ciwon, ta nemi maganin zafi kafin a fara.

Ku yi mata addu'a, amma don Allah kada a kawo garwashi a ce za a yi mata hayaƙi, mace da ke tsoron wuta! Kada a tilasta mata komawa bakin kasko, kada a sayo mata tiramadol ko maganin barci a kemis.

In ta fara cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai. Ku kai ta asibiti nan take, ko ku kira 112.