Kada ka buga masa kik tukuna

Ka ce: "Oga, kawuna ya rasu ya bar mini Yamaha TY175, ya fi shekara goma yana jingine a bayan gida a Agege. In zuba fetur in tayar, sannan in kai wajen mai fenti?"

Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Amma ka ajiye galan ɗin fetur, ka manta da fenti tukuna.

Fara sanin abin da ke hannunka. Wannan ba mashin ɗin acaɓa ba ne. Yamaha ta fito da shi wajen 1975 domin wasan tirayal, wanda ya samo asali a Birtaniya, inda ake bin duwatsu da gangare a hankali, duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa an ci shi maki. Shi ya sa kujerarsa ƙarama, tankinsa siriri, giya shida amma na farkon gajeru. Duk wanda ya ce ka sa masa doguwar kujera, kada ka saurare shi.

Injinsa irin mai shan tu-ti ne, wato man da yake ƙonewa tare da fetur, kuma nan matsalar take. A gefe biyu na kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, akwai sil na roba masu hana iska da mai shiga. Shekara goma a ajiye, sun bushe sun yi tauri kamar ƙanzo. Na ɓangaren maganeto, mai ba fulogi wuta, in ya lalace, iska yake zuƙa, fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin, inji ya yi zafi, fistin ya kama. Alamarsa ita ce ka saki totur amma ƙarar ta ƙi sauka. Na ɓangaren kulochi kuwa man giya yake sha, sai ka ga farin hayaƙi mai kauri kuma man giya yana raguwa. Mashin zai iya tashi da matattun sil, ya yi ƙara mai daɗi minti goma, sannan ya cinye maka silindar da ba za ka samu a kasuwar kayan gyara ta Ladipo ba. Canja su duka biyu, ko da sun yi maka kyau a ido. Lambar girmansu tana rubuce a jikinsu, da ita za ka nema.

Kafin nan, cire fulogi, zuba cokali biyu na tu-ti ta ramin, bar shi ya kwana biyu. Sai ka danna kik da hannu, a hankali. In ya ƙi motsi kada ka hau da ƙafa, wataƙila ringi ne ya manne, ƙarfi karya shi zai yi. Buɗe kan silinda ka jiƙa da kananzir. Danshin Legas yana shiga ta salansa da kafireta har ya kai boris ɗin kiranshaf, don haka kama filawil, ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a ɓangaren maganeto, ka jijjiga sama da ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas ko gurnani, sai an raba injin gida biyu.

Filawil ba a fitar da shi da guduma. Nemi fula ta Yamaha, wato abin zaro shi, mai zaren hagu. A bayan filawil za ka ga kontak da kwandansa, kayan da ke sarrafa wutar fulogi. Goge bakin kontak da lallausan sanfefa, saita tazarar tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Kwandansa ka sa sabo, tsohon yana ba da wuta da sanyi, ya ɗauke idan ya yi zafi.

Tanki: cire famfon fetur, zuba noti ɗan hannu guda da kananzir, girgiza sosai, zubar, cika da ruwan khal ya kwana, wanke, shanya a rana har ya bushe ƙarau. Sa filta a kan tiyo. Kafireta ka warware ta gaba ɗaya, ƙaramin jet shi ne yake toshewa. Busa shi da iska. Kada ka tsokale shi da waya, tana faɗaɗa ramin, daga nan ba ya sake saituwa.

Akwai famfon da ke ba inji tu-ti da kansa. Ban yarda a dogara da shi ba sai an ga yana turo mai. A tashin farko haɗa tu-ti da fetur a tanki, mililita 25 a kowace litar fetur. Man giya ka zuba na babur daidai adadin da littafinsa ya ce, man mota yana sa kulochi santsi. Farantan kulochin ma za ka tarar sun manne, raba su ka wanke.

Takalman birki ka canja ba tare da shawara ba, fatarsu tana ɓanɓarewa ta kulle wili. Taya inci 21 ce a gaba, 18 a baya. Kuma duk abin da ka cire, ɗauki hotonsa da waya, ka sa a leda ka rubuta sunansa. Ko tsohon kayan da ya mutu kada ka yar, da shi za ka je kasuwa a gwada.

Gobe da safe ka kawo shi gareji a turo, ba a kunne ba. Ka taho da tu-ti kwalba ɗaya da kananzir lita biyu.