Filin Tambaya da Amsa: Wane Irin Gado Ya Dace da Yaron da Ya Isa Yaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ɗana ya kusa cika shekara biyu, kuma tun da aka haife shi gado ɗaya muke kwana, ga shi yanzu ina ɗauke da ciki wata biyar. Maigidana ya bar mini zaɓi, ko dai a sayo masa gadon roba mai siffar mota da muka gani a wani kanti a Birnin Kebbi, ko kuma a ba kafinta ya haɗa na katako. Uwar mijina kuwa ta ce ɓarnar kuɗi ce, domin a kan tabarma ta yi renon nata 'ya'yan, kuma addini bai ce a raba wa yara shimfiɗa ba sai sun shekara goma. Gadonmu yana da tudu, har ya taɓa faɗowa daga kansa. Unguwarmu tana bakin fadama, sauro ba ya ɗauke mana ƙafa ko da rani. Don Allah a ba ni shawara.

Wata uwa, daga Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya shi, ya kuma sauke ki lafiya.

Zan fara da maganar da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, wato ta sauro, domin ita ya kamata ta yanke miki hukunci. A duk tsawon lokacin da yaron nan yake kwana a gefenki, gidan sauronki ne yake kāre shi, kuma ranar da ya bar gadonki ya fita daga wannan kariya ke nan sai idan an tanadar masa tasa. Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi, adadin da ya fi na kowace jiha, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Kebbi ce kuma, tare da Bayelsa, aka fara ba yara allurar rigakafin maleriya a cikinsu a watan Disamban 2024. Rigakafin nan da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina duk suna taimakawa, amma babu wanda aka ce ya maye gurbin kwana a cikin gidan sauro mai magani. Saboda haka shawarata ita ce ki fara samun gidan sauron, sannan a nemo gadon da zai karɓe shi.

Da wannan ma'auni gadon motar nan ya faɗi. Galibin irinsa ba su da inda za a rataya gidan sauro, katifar tana nutsewa ne a cikin kwarmin roba ta yadda cusa gefen ragar a ƙarƙashinta yake zama aiki, ga shi roba ba ta barin iska ta ratsa a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi yakan haura digiri 40 a wajenku. Yaro zai yi murna da shi, ban musa ba, sai dai cikin 'yan shekaru zai fi ƙarfinsa.

Ki ba kafinta aikin, amma kada a bar masa shi ya yi yadda ya saba yi wa manya. Ku fara sayen katifa, ku kai masa ya auna, domin idan aka yi gado kafin katifa, nan ne ake samun rata tsakaninta da katako, kuma a irin wannan rata ce hannu ko ƙafa, wani lokaci har fuskar yaro, take maƙalewa. Idan kika tura yatsunki tsakanin katifa da jikin gado kika ga fiye da biyu sun shige, ratar ta yi yawa. Na fi son katifa mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3 a kan 'yar ƙaramar nan ta yara mai santimita 140 da 70, saboda tana samuwa a kowace kasuwa, za ta yi masa shekaru, kuma faɗinta zai rage yawan mirginawar da yake yi har ya jingina da raga, inda sauro yake iya cizonsa ta waje. Ta kasance mai tauri, wadda idan kika danna da tafin hannu za ta dawo nan take.

Gadon ya zama gajere, kamar taku ɗaya daga ƙasa, yadda yaron zai hau ya sauka da kansa, idan ma ya faɗo ba zai ji ciwo ba. A yi masa shinge a gefe wanda zai tare kafaɗa da ƙugunsa, a bar wata kafa ta wajen ƙafafu da zai riƙa bi, domin yaron da aka rufe ruf ta kowane ɓangare haurawa zai yi, faɗuwa daga saman shinge kuwa ta fi ta bakin katifa muni. Tazarar da ke tsakanin sandunan shingen kada ta wuce santimita 6, wato inci biyu da ɗan ɗori. Hatsarin faffaɗar tazara shi ne jikin yaro yakan zurara ta ciki ya bar kansa a maƙale, tunda kan ƙaramin yaro ya fi ƙirjinsa wuyar wucewa. Ranar da za ku karɓo gadon ki riƙe gwangwanin lemo irin mai kaurin nan, ki gwada tura shi tsakanin sandunan. Idan ya wuce, a mayar a gyara. Ki kuma shafa ko'ina da tafin hannunki don jin ko akwai kan ƙusa ko sartse, ki girgiza shi da ƙarfi ki ji ko yana rawa.

Sai ƙusurwoyi huɗun, waɗanda a nan ne buƙatarki da ƙa'idar lafiya suka haɗu. Ɗan gajeren ƙulu da kafintoci suke so su bari a kan ƙusurwa don ado yana kama wuyan riga, ko zaren laya idan ana rataya wa yaro, kuma hakan yana iya shaƙe shi. Ƙa'idar ita ce ko dai ƙusurwar ta yi daidai da shinge, ko kuma sandar ƙusurwar ta ɗara shingen tsawo da fiye da inci 16. To, ki sa a yi su dogaye ƙwarai, a haɗa su da sanduna ta sama, su zama maratayar gidan sauro. Ragar ta sauko ta cikin shinge a cusa ta ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, igiyoyin kuma a ɗaure su can sama inda hannunsa ba zai kai ba. Sabon gidan sauro mai magani ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, ana wanke shi da sabulu mara ƙarfi, ba a kuma shanya shi a rana.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, ta barin ledar da aka naɗo sabuwar katifa da ita saboda fitsari. Ki cire ta. Siririyar leda tana manne wa fuskar yaro ta toshe masa numfashi, ban da ƙurajen zafi da take jawowa. Ki nemi shimfiɗar roba mai kauri da ake sayarwa don wannan aiki, ki ɗora zanin auduga a kanta ki ja shi ya ɗame. Matashi kuwa ba ya buƙatarsa yanzu.

Game da maganar Hajiya uwar mijinki, tana da gaskiya fiye da yadda kike zato, kuma ina so ki saurare ta da ladabi. Katifa a ƙasa, a kan tabarma mai tsabta, shimfiɗa ce mai kyau ga yaro mai wannan shekaru, tunda babu inda zai faɗo, kuma idan hali bai yi ba babu abin kunya a cikinta. Sharaɗinta shi ne a rataya gidan sauro daga sama a cusa shi ƙarƙashin katifar, a riƙa ɗaga ta ana shanyawa saboda danshin damina, a kuma kakkaɓe shimfiɗar kowane dare saboda kunama. Hadisin raba shimfiɗa a shekara goma kuwa bai hana a raba tun kafin lokacin ba idan akwai dalili, kuma ke kina da shi: jariri sabon haihuwa bai kamata ya kwana a shimfiɗa ɗaya da yaro ɗan shekara biyu ba, domin yaron yana juyi cikin barci ba tare da sanin abin da ya danne ba.

Ki fara yanzu, tun da sauran watanni, don kada ya ɗauka ƙaninsa ne ya kore shi, kuma idan ba ki riga kin yaye shi ba, kada ki haɗa masa yaye da sabon gado a mako ɗaya. Ki ajiye gadon a ɗakinki kusa da naki, nesa da taga da labule da soket, ki fara kwantar da shi a ciki da barcin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare. Zai riƙa tasowa ya dawo wurinki cikin dare. Ki mayar da shi a hankali ba tare da faɗa ba, ki sake cusa ragar.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ina da yara uku a ɗaki ɗaya, masu shekara bakwai, da huɗu, da biyu da rabi. Ƙaramin yana kwana a wani tsohon gadon ƙarfe na jarirai da muka gada, fentinsa yana ɓarewa, kuma ya fara haurowa. Ina tunanin in sa a yi gado mai hawa biyu. Ya kika gani?

Wani magidanci, daga Talata Mafara, Jihar Zamfara.

AMSA: Barka kadai, Malam. Gado mai hawa biyu yana magance ƙarancin wuri, amma likitocin yara sun yi ittifaƙi cewa wanda bai kai shekara shida ba ba ya kwana a sama. Babban ne kaɗai zai hau, da shinge ta kowane gefe, kuma nesa da fankar sama. Ka sani cewa tsanin zai ja hankalin ƙananan, don haka a yi shi wanda ake cirewa da rana. Kowane hawa kuma yana buƙatar gidan sauronsa.

Tsohon gadon ƙarfen kuwa, a raba yaron da shi tun yau. Da zarar yaro ya fara haurowa, ko tsawonsa ya kai santimita 89, gadon jarirai ya daina tsare shi. Fentin ya fi damuna. Wasu fentin mai, musamman masu launin ja da rawaya, suna ɗauke da dalma, yara kuma suna gwaguyar bakin gado suna tsintar ɓawon fenti su kai baki. Mutanen Zamfara sun san abin da dalma take yi tun 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan daga ma'adini ya fito, kuma yawansa ya fi na fenti nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce: jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a san wani adadi nata da ba ya cutarwa ba. Kada ka kankare fentin ko ka ƙona shi a tsakar gida da niyyar sabuntawa, domin ƙurar da za ta tashi ta fi ɓawon hatsari. Ka fitar da gadon, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, yaron ya koma kan katifa a ƙasa kafin kafinta ya gama. Sabon gadon kuma ka ce a goge katakon ya yi sumul a bar shi haka, ko a shafa masa fentin ruwa, a bar shi a waje har warin ya fita kafin a shigar da shi ɗaki.