Ɗan yayana ne ya cike min takardar haraji, yanzu na ga ya bar ciniki a baya

Wani Alhaji mai shagon abaya, sallaya da turare a Bab Sharif nan Jidda ya turo min saƙo. Kamfanin nasu na haɗin gwiwa ne, rabi nasa rabi na wani ɗan ƙasa, da lasisinsu da komai. Ɗan yayarsa ne ke riƙe da lissafi, shi ya tura iƙirari, wato takardar bayyana ciniki ga hukuma, na harajin shekara da na dariba, wato harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa. Yanzu Alhaji ya gano cinikin kash na azumin bara, wajen riyal 200,000, bai shiga ko ɗaya ba. Tambayarsa: ya yi shiru ne tunda ba wanda ya kira shi, ko ana iya gyarawa? Sannan ya ƙara da cewa wani ya kawo masa shawarar buɗe shago na biyu a Madina da sunan wani, wai riba ninki biyu cikin shekara.

Alhaji, ana gyarawa, kuma gyaran ba wani abin tashin hankali ba ne, zan zo kansa. Amma bari in fara da abin da ya tsaya min a rai tun da na karanta saƙonka. Ka rubuta min "yaron ya yi kuskure" har sau uku. A'a Alhaji. An tura takarda ga hukuma da sunan kamfaninka, kai ba ka buɗe ta ba, ba ka san adadin da aka rubuta ba, lambar sirrin shiga shafin ZATCA, hukumar harajin Saudiyya, tana hannun yaro, saƙon tabbatarwa ma wayarsa yake zuwa. Wannan shi ne kuskuren, kuma naka ne. Ranar da za a aiko garama, wato tara, ba sunan ɗan yayarka za a rubuta a kai ba, hukuma ba ta san shi ba, ba ta san 'yar uwarka ba, sijil ta sani, wato rajistar kamfani, da masu sijil.

Ni ban ce yaron ɓarawo ba ne, wallahi yawancinsu ba sata suke ba. Abin da ke faruwa shi ne goman ƙarshe na azumi shago ya cika da masu umara, mata suna ɗaukar abaya dozin-dozin za su kai Kano da Yamai, ana miƙo kuɗi a hannu, ana cusawa a durowa, wanda ya biya da kati injin ya rubuta, wanda ya ba da kash sai dai a ce "za mu rubuta in an yi sahur". Ba a rubutawa. Da lokacin tura iƙirari ya zo sai yaro ya kwashi abin da ya gani a kwamfuta ya tura, ya ɗauka ya gama aiki. Wa ya kamata ya kalli adadin ya ce kai, azumi guda wannan ne cinikinmu? Kai ne, don kai ka san nawa ka ƙirga da hannunka.

Maganar yin shiru kuma ka cire ta daga ranka. Tun 2021 aka haɗe zakka da haraji da kwastan a hukuma ɗaya, wato wanda ya ga kwantenar kayanka ta sauka a tashar jirgin ruwa shi ne dai mai karanta iƙirarinka. Ga fatura, wato takardar shaidar ciniki, ta na'ura da aka wajabta tun Disamban 2021, dilolin da kake sarin turare a wurinsu suna fitar da fatura da lambar harajinka a jiki. Toh kaya sun shigo da yawa, ka nemi a cire maka daribar da ka biya wurin sari, amma ciniki ya fito ɗan kaɗan, ina kayan suka tafi? Ba sai an yi wani dogon bincike ba. Na san wani mai dabino da zuma a Makka, wajen Shari' Mansur, irin halinka sak, ƙaninsa ne a kan lissafi. Ya gano giɓin da wuri, aka ce masa ya gyara, ya ce ai kada a tono abin da ke kwance. Da takarda ta zo sai aka ce ya kawo littattafan shekarun baya gaba ɗaya, aka fito da wani buhun leda cike da rasit, rabi rubutun ya goge don irin takardar injin nan ce da zafi ke cinyewa. Duk kuɗin da ya ce ya kashe amma ba shaida aka ƙi karɓa. Motarsa ta ɗaukar kaya ya sayar ya biya, shi da ƙanin kuma har yau gaisuwa sama-sama.

Mu ɗan yi lissafi a tsaye don ka ga girman abin. In 200,000 ɗin da dariba a ciki ka sayar, kashi 15 ɗin hukuma ya kama wajen 26,000, kuma wannan tun asali ba kuɗinka ba ne, amana ce ka karɓa daga hannun masu saye. Saura wajen 174,000. Tunda yaron ya riga ya rubuta kuɗin sarin kayan duka a matsayin abin da aka kashe, kusan dukkan wannan a kan riba zai hau. Rabinka 87,000, harajin kashi 20 da ke kan rabon baƙo ya kai wajen 17,000, abokin naka kuma lissafin zakkarsa zai motsa. Yanzu ga inda jinkiri ke cizo: dariba da ba a biya ba ana ɗora mata kashi 5 duk wata, wato wajen 1,300 kenan kowane wata kana zaune kana shawara, harajin riba kuma kashi 1 duk kwana 30. In kuwa su suka gano suka ɗauke shi ɓoyewa da gangan, wannan wani babin ne daban mai tsada sosai.

Kuma dokar dariba ta ba ka kwana 20 ne ka sanar da hukuma, daga ranar da ka gano an rubuta ƙasa da abin da ya kamata ka biya. Ƙaramin kuskure ana barinsa a gyara a iƙirari na gaba, naka ya wuce wannan iyakar, sai dai a koma kan na wancan zangon a gyara shi a shafin hukumar, sannan a gyara na shekara, adadin biyun su zo daidai da juna. Kada ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, wannan kamar ka toshe ƙofa ne ka bar taga a buɗe. Ka samu muhasib, wato akanta, mai lasisi, ba wani ɗan uwan ba kuma, ka biya shi kuɗin aikinsa, ka kai masa bayanan banki, rahoton injin kati, faturar sari, da duk wani littafi ko takardar da aka taɓa rubuta cinikin kash a kai ko da bayan kwali ne. Ka tambaye shi zancen yafe garama da hukumar ta fara a 2022 ta kuma sha tsawaitawa, don irin wannan sassaucin mai kawo kansa yake amfana, ba wanda aka kama da ɓoyewa ba. Abokin haɗin gwiwarka kuma yau ka gaya masa, da bakinka, kafin ya ji a wani wuri.

Shagon Madina? Haba Alhaji. Azumi ɗaya ya wuce maka ba a rubuce ba a shagon da kake zaune ciki kullum, shi ne za ka buɗe wani a nisan kilomita 400, da sunan wani kuma? Wannan tasattur ne sunansa, wato baƙo ya ɓoye kasuwancinsa a bayan sunan wani, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma ranar da mai sunan ya ce shago nasa ne ba ka da bakin magana. Wanda ya ce maka ninki biyu a shekara ka tambaye shi me ya hana shi zuba nasa.

Yaron ka bar shi a shago in yana da hannun ciniki, ba sai an yi rigimar da za ta kai gida ba. Amma lambar sirri ta dawo hannunka, lambar wayar da ke kan asusun ta zama taka, kullum in an rufe a ƙirga kash a buga shi a na'ura kafin kowa ya tafi, rasit kuma a ɗauke su hoto a adana don ana buƙatarsu aƙalla shekara 6. Duk iƙirarin da za a tura nan gaba muhasib ya zaunar da kai ya karanta maka shi layi-layi, in Larabcin takardun ya yi maka nauyi ya fassara maka, sai ka ce ka yarda sannan a danna.