Ra'in Jinya da Kundin Digirin Digirgir: Amsoshin Wasiƙunku daga Jidda, Makka da Madina

Wasiƙun wannan wata daga 'yan'uwa ma'aikatan jinya na Saudiyya suka zo, dukkansu a kan ra'i, abin da malamansu na jami'a ke kira nazariyya. Mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni nas ce a wata cibiyar masu ciwon suga a Jidda. Matsalar da na ɗauko ita ce gyambon ƙafa, domin iyayenmu mata ba sa zuwa sai ƙafa ta fara ruɓewa. Sau biyu mushrif ɗina, wato malamin da ke duba kundina, yana maido mini da babi na biyu, wai ra'in Orem da na sa ba ya aikin komai. Shafi tara na rubuta a kansa, har da tarihin rayuwarta. Me kuma ya rage?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yi wannan gwajin tukuna: cire shafi taran nan gaba ɗaya, ki sake karanta babi na uku. In babu abin da ya girgiza a darasin da za ki koyar, da abin da za ki auna, da waɗanda za ki ɗauka, to mushrif ya yi gaskiya, Orem kwalliya ce kawai kika yi wa kundin. Tarihin rayuwarta layi biyu ya ishe shi.

Ra'in da Dorothea Orem ta fitar a littafinta na 1971 kamar sikeli yake. Gefe ɗaya akwai abin da jikin mara lafiya ke buƙata a yi masa kullum, ɗaya gefen kuma ikon da yake da shi na yi wa kansa. In buƙata ta rinjayi iko, giɓi ya samu, kuma a wannan giɓin nas take shiga: ko ta ɗauke aikin duka, ko su raba, ko ta tsaya ga koyarwa da ƙarfafa gwiwa.

To, sauko da wannan kan ƙafar Hajiyar da ke zaune gabanki. Buƙatarta ita ce ta duba tafin ƙafa kullum, ta tsane tsakanin yatsu bayan alwala (sau biyar a yini, ba sau ɗaya bayan wanka ba), ta zura hannu cikin takalmi kafin ta sa, ta gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, kada ta taka daɓen waje da azahar ba takalmi, domin jijiyar da ta mutu ba ta sanar da ƙuna. Ga kuma lalle, wanda ke rufe launin fata a daidai inda ake son a ga sauyi. Sai ikonta: idonta yana gani? Gwiwa da ƙugu za su bar ta ta ɗago ƙafa ta leƙa ƙasanta? Ki ce ta gwada a gabanki, kada ki tsaya ga tambaya. Wadda ta iya, koyarwa ta ishe ta, ko a haɗa mata da madubi. Wadda ta kasa, ko lacca ɗari kika yi mata ba za ta ga tafin ƙafarta ba, 'yarta ko jikarta za ki koya wa. Orem ta yi wa wannan ma tanadi, kulawar da wani ke yi wa wanda ya dogara da shi. Kin ga ra'in ya riga ya raba miki marasa lafiya kashi biyu, ya kuma sa kin buɗe ƙofar ajin ga 'yan rakiya.

Daga nan ki zana jadawali mai gida uku, irin tsarin da Jacqueline Fawcett ta koyar: kalmar ra'i, ma'anarta a cibiyarki, sai ma'auninta. A gaban "iko" ki sa takardar da za ki riƙa yi wa maki yayin da Hajiya ke gwadawa. A gaban "aikin kula da kai" ki sa tambayoyin ƙafa na ma'aunin SDSCA, wanda ke tambayar kwana nawa cikin bakwai da suka wuce mutum ya duba ƙafarsa, kwana nawa ya duba cikin takalmi. A gaban abubuwan da Orem ta ce su ke ƙara ko rage iko, ki sa shekaru, ƙarfin gani, wanda take zaune da shi, da ko tana da inshora. Duk kalmar da gidanta na uku ya zauna fayau, ki cire ta daga kundin. Duk ma'aunin da bai da uwa a gida na farko, ki tambayi kanki me ya kawo shi.

Kada ki yi alkawarin rage yanke ƙafa cikin bincike na kamar mako 12, wannan abu ne na shekaru. Zaren gwajin jijiya mai nauyin giram 10 kuwa na tantance masu haɗari ne tun farko, ba sakamakon koyarwarki ba ne. In za ki haɗa da HbA1c, awon jinin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya, ki bar wata uku tsakanin awo da awo, ki kuma tambayi tarihin sikila, domin ƙwayar jinin mai sikila ba ta kai kwana 120 da ta lafiyayye ke yi, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya.

Batun adadi: in rukuni ɗaya za ki auna kafin da bayan koyarwa, kina hasashen matsakaicin tasiri, da ƙarfin gwaji kashi 80 cikin ɗari da iyakar kuskure 0.05, lissafi yana ba da mutum 34. In rukuni biyu ne, 64 kowanne. Ki ƙaddara ɗaya cikin biyar zai ɓace, wato ki nemi 43 ko 80. Ki kuma duba kalanda, kada makonninki su faɗa cikin azumi ko aikin Hajji.

A babin tattaunawa ki sake komawa wurin Orem. Ta raba kula da kai mataki uku: sani, yanke shawara, aikatawa. In makin sani ya hau amma kwanakin duba ƙafa ba su motsa ba, kin san a matakin da igiyar ta tsinke, kuma wannan sakamako ne da za ki iya karewa a munaƙasha, wato zaman kare kundi.

TAMBAYA: Ina aiki a sashen masu ciwon zuciya a Makka. Masu raunin zuciya kan dawo gado kafin wata ya cika da sallamarsu. Abin da ya dame ni, kusan duk ra'o'in nan matan Amurka ne suka rubuta su, inda kowa gashin kansa yake ci. Mu nan babban ɗa ke yanke magana, ga zamzam, ga ruƙiyya, ga ƙaho. Ba zan iya ɗora aikina a kan Rufaida ba?

AMSA: Ɗan'uwa, Rufaida al-Aslamiyya, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da gurbi a gabatarwarka. A tantinta da ke masallacin Madina aka yi jinyar Sa'ad bin Mu'azu bayan raunin da ya samu a yaƙin Handaƙ. Amma tarihi ne muka gada daga gare ta, ba jerin kalmomi masu alaƙa da juna da za a auna ba. Masu jarrabawa za su tambaye ka hasashen da ka ciro daga ciki, ka rasa ta cewa.

Kuma ba duka ne 'yan Amurka ba. Afaf Meleis haifaffiyar Iskandariyya ce ta Masar, kuma ra'inta na sauyin hali, wanda ita da abokan aikinta suka tsara a 2000, ya zauna daram a kan matsalarka: mutum ya tashi daga hannun nas ya koma hannun iyali, me ke sauƙaƙa wannan ƙaura, me ke dagula ta. Akwai kuma tsarin jinjirin wata na Sandra Lovering, wanda ta gina daga nazarin ma'aikatan jinya Larabawa Musulmi a nan Saudiyya, da mara lafiya da iyalinsa a tsakiya. In kuwa hankalinka ya fi karkata ga abin da mutum zai riƙa yi a gida, ra'in Barbara Riegel da abokanta na 2012 ya fi kaifi: kiyayewa, sa ido, ɗaukar mataki. Kiyayewa shi ne shan magani da rage gishiri. Sa ido shi ne hawa sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, da kaya iri ɗaya. Ɗaukar mataki shi ne kiran asibiti in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3. Mu dai da ra'in Riegel za mu tafi, don kowane ɓangare nasa yana aunuwa.

Al'ada kuma Madeleine Leininger za ta taya ka da hanyoyinta uku. Abin da ba ya cutarwa a bar shi, a ma taimaka a kansa, kamar ruƙiyya da juya gado ya fuskanci alƙibla. Abin da ke buƙatar sulhu a sasanta: in likita ya ƙayyade ruwa lita ɗaya da rabi a yini, zamzam yana cikin lissafin, ba ƙari ba ne, sai a nuna wa mai kawo jarkar kofin da za a riƙa aunawa da shi. Maganin fitsari kuma a tsara lokacinsa da likita, domin dattijon da ya ga ƙwayar tana karya masa alwala a hanyar Harami zai ajiye ta ne bai gaya wa kowa ba. Abin da ke cutarwa, irin dunƙulen magi uku a tukunyar miya ko dakatar da magani bayan an yi ƙaho, shi ake sake wa tsari, kuma da mai girkin za ka zauna, ba da mai cin kaɗai ba.

Haɗa ra'i biyu ba laifi, matuƙar kowanne da aikinsa a rubuce: Riegel ta faɗi abin da za a koyar a auna, Leininger ta faɗi yadda za a shigar da shi gida. Kawai kada ka zuba "Musulmi" a kwando ɗaya. Bahaushen da aka haifa a unguwar Hindawiyya ta Makka da alhajin da ya sauka daga Kano makon jiya, ba abinci ɗaya suke ci ba.

TAMBAYA: Aikina a kan gyambon kwanciya ne a sashen kulawa mai tsanani. Wani malami ya ce tsarin Iowa ya isa, wani ya ce dole sai ra'in jinya. Wa zan bi?

AMSA: Ki fara duba littafin dokokin sashenku, shi ne alƙali. Amma ki sani ba abu ɗaya ba ne. Tsarin Iowa da zagayen PDSA (tsara, gwada, nazarta, ɗauki mataki) matakan kawo sauyi suke nunawa, ba sa faɗin dalilin da fata ke mutuwa. Dalilin yana cikin tsarin da Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka ɗora ma'auninsu na haɗarin gyambon kwanciya a kai a 1987: ƙarfin danni da daɗewarsa a gefe ɗaya, juriyar fata a ɗaya gefen. Ɓangarori shida ne, maki daga 6 zuwa 23, kuma 18 zuwa ƙasa alamar haɗari ce. Wannan ya ishe ki, ba sai kin jawo babban ra'i irin na Callista Roy kin cusa shi da ƙarfi ba.

Ki shirya ganin adadin gyambo ya hau bayan an horar da ma'aikata, saboda yanzu ne abokan aikinki suka fara rubuta gyambon mataki na farko da a da suke wucewa. Ki raba gyambon da aka zo da shi da wanda ya fito a sashenku, ki yi lissafi bisa kowane kwanan gado 1,000. A baƙar fata kuma ja ba ya fitowa, sai a koya musu taɓawa: ɗumi, tauri, da wurin da ya fi kewayensa duhu.

TAMBAYA: Daga Madina nake. Ina amfani da ra'in Kolcaba a kan masu sikila lokacin da ciwo ya tashi. Wasu marasa lafiyar Hausa ta fi musu sauƙi. Zan iya fassara takardar tambayoyin da kaina?

AMSA: A'a 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba. Ki nemi izinin mai ma'aunin a rubuce. Mutum biyu su fassara kowa daban, a daidaita, sai na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a gwama. Ƙwararru su duba, sannan ki zauna da marasa lafiya kamar goma, kina karanta kowace tambaya kina cewa su faɗa miki abin da suka fahimta. Bayan haka gwajin share fage da mutum kamar 30, inda ake son alfar Cronbach, awon yadda tambayoyin suka dace da juna, ta kai 0.70. Sigar Hausar ma sai ta bi ta kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki tambayi ko mutum ɗaya.

Inda za ki sha wuya shi ne kalmomi. Katharine Kolcaba ta raba jin daɗin mara lafiya gida uku: samun sauƙi daga abin da ke damunsa, natsuwa, da iya ɗaukar ciwon ba tare da ya danne shi ba. Ta kuma duba su ta fuska huɗu: jiki, zuciya da ruhi, zamantakewa, muhalli. To Bahaushe ko yana murƙususu, ka ce masa "ya jiki?" zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi". In tambayarki ta ɗauko kalmar sauƙi ko haƙuri tsirara, amsar gaisuwa za ki tara, makin kowa ya yi sama, ki rasa bambanci tsakanin kafin da bayan. Ki haɗa da ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10, da tambayoyin da ladabi ba ya amsawa: awa nawa ya yi barci, ya iya zuwa bayi da kansa, a zaune ya yi sallah ko a kwance.

Cikakken ma'aunin Kolcaba tambaya 48 ne, wanda ƙashinsa ke sara ba zai kai rabi ba, don haka ki nemi gajeriyar sigar, ki jira allura ta fara aiki. Da yawa daga Hausawan Madina kuma Larabci suke karantawa, ba su saba da boko ba, saboda haka a karanta musu da baki. Mai karantawar kada ta zama nas ɗin da ke riƙe da makullin maganin ciwonsu, kuma a roƙi uwa ko yayan da ke gefen gado su ɗan ba da wuri na minti goma.