Tambaya da Amsa: Me Zan Ɗauka a Akwatin Ɗaurin Ƙwaron Fatsa In Zan Tafi Bakin Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, ina zuwa fatsa Daberam da Sabke a ranakun hutu. Wata shida ke nan da na fara koyon ɗaura ƙwaron ƙarya a jikin ƙugiya da gashin tsuntsu da zare, a YouTube nake gani. Matsalata ita ce in zan fita sai in kwashe kayan kaf in zuba a jaka ɗaya. Kafin in isa zare ya harɗe da ƙugiya, gashi ya kakkarye, abin da nake nema kuma ba na ganinsa. A babur nake tafiya. Me ya kamata in ɗauka, kuma yaya zan jera shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan koyo. Laifin ba na jakar ba ne, yawan kayan ne. Bakin ruwa ba wurin zaman ɗauri ba ne. Ƙwaron da za ka yi fatsa da shi a gida ake ɗaura shi, da daddare, a kan tebur, hankali kwance. Akwatin tafiya amfaninsa biyu ne kawai: ka mayar da wanda kifi ya yage ko ya maƙale a ciyawa, ko kuma ka ga kifi na cin wani ƙwaro da ba ka zo da irinsa ba, ka ɗaura mai kama da shi nan take. To kafin ka taɓa jaka, ka fara yanke shawarar iri nawa za ka iya ɗaurawa a can. Ni uku nake tsayawa a kai.

Na farko ƙarami ne mai nutsewa a hankali, na karfasa da kawara, a ƙugiya lamba 12 ko 14. Ka tuna lambar ƙugiya a juye take, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance. Jikinsa zare ne ko ulu, sai 'yar wayar jan ƙarfe a naɗe, sai gashin zabo ɗaya a wuya. Na biyu mai yawo a saman ruwa ne, kamannin fara a lokacin kaka, ko shinge in ruwan farko ya sauka, a lamba 8 ko 10. Yankin tsohon silifa ya ishe ka jikinsa, ba ya nutsewa ko an wuni ana jefawa. Na uku baƙi ne mai kauri, a lamba 4 ko 6, da jela mai laushi da gashin wuyan zakara a naɗe tun daga gindi har kai, irin wanda Turawa ke kira Woolly Bugger. Wannan na tarwaɗa ne. Amma in gaya maka gaskiya, da damina in ruwa ya yi jawur, tana ta fi duk abin da za ka ɗaura, don tarwaɗa da ƙanshi da gashin baki take farauta ba da ido ba. Kada ka ji kunyar riƙe gwangwanin tana a gefe.

In ka tsayar da ukun nan, sai kowane iri ka ba shi ledarsa mai zif. Ƙugiya shida zuwa takwas, gashin da zai ishi wannan adadin, ulu kamu ɗaya, waya kamu biyu a naɗe jikin ɗan kwali. Ka rubuta sunan ƙwaron a ɗan farin kwali ka sa a ciki. Kwalin nan shi ke hana leda lanƙwashewa, shi ya sa gashi ba ya karyewa. Mutane da yawa suna jera kaya iri-iri, gashi wuri ɗaya, ƙugiya wuri ɗaya, ulu wuri ɗaya. A gida wannan daidai ne. A bakin dam kuwa yana nufin sai ka buɗe leda huɗu don ƙwaro ɗaya, iskar hunturu kuma ba ta jiran ka rufe ta farko. Leda ɗaya a buɗe, saura a rufe a ƙarƙashin cinya.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙaramin almakashi mai tsinin baki, ka soke bakinsa a guntun tiyon ƙarin ruwa ko murfin biro, in ba haka ba zai huda leda ya kuma dakushe. Mariƙin zare ɗaya. Basilla ko babbar allura da ka kafa a guntun itace, ta ɗiga manne da buɗe idon ƙugiya. Matsefata. Ƙullin ƙarshe ka koyi yinsa da yatsa, ka huta da ɗaukar ƙarfensa. Zare kwarkwaro biyu ya isa, baƙi da ruwan ƙasa, mai kaurin 6/0 (lambar kaurin zaren ɗauri ke nan), don shi ne ke ɗaukar ƙanana da manya duka. Zaren tela na roba ma yana yi in ka goga masa kakin zuma, sai dai ya fi kauri, a ƙananan ƙugiyoyi yana tara kai. Kowane kwarkwaro ka ɗaure bakinsa da robar kuɗi. Harɗewar da kake kuka da ita daga nan take farawa: girgizar babur ta warware zare, zare ya sami ƙugiya a sake, shi ke nan.

Ƙugiya kuwa kada ta taɓa zama a sake. Ko dai ka soke su a jere jikin yankin silifa, ko ka zuba kowace lamba a tsohuwar robar magani da ka wanke ta bushe, sannan ka sa a ledar ƙwaronta. Ka ƙara da ɗan maganaɗisu na tsohuwar lasifika, ka manne shi a cikin murfin akwatin. In kana ɗauri a nan za ka ajiye ƙugiya da allura, in kuma lamba 14 ta faɗi cikin yashi, da shi za ka laluba. Ido ba ya ganinta, tafin ƙafa ne ke samo ta.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne mariƙin ƙugiya, wato ƙarfen da ke danne ƙugiya yayin da kake ɗauri. Iri biyu ake sayarwa, mai gindin ƙarfe da ake ajiyewa da mai maƙalawa a bakin tebur. Mai gindin nan nauyinsa kaɗai ya fi sauran kayan duka, bar shi a gida. Mai maƙalawa ka ɗauka, tunda kana da babur ai kana da tebur: kafe babur a inuwa ka ɗaure shi a jikin kariya. In ba ta kama ba, guntun katako mai tsawon kamu biyu a kan cinya ya wadatar. In ma ba ka da shi sam, almakashin asibiti mai kullewa yana riƙe ƙugiya sarai. Sana'ar ta girmi waɗannan ƙarafa nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu, kuma ƙarni da yawa bayan haka a hannu ake riƙe ƙugiya a ɗaura.

Manne shi ne abin da ya taɓa yi mini ɓarna. Wata rana cikin Afrilu na je Ajiwa, dam ɗin da ke ba birnin Katsina ruwa, na bar akwati a but ɗin mota tun hantsi. Da la'asar na buɗe, kwalbar manne ta kwanta, zafi ya sa ta tsiyaye, gashin zabon da na yi wata biyu ina tsincewa ya dunƙule ya zama kamar ƙanzo. Tun daga ranar jan farce marar launi nake ɗauka, ƙaramar kwalba, in naɗe murfin da salatif, in sa ta a ledarta ita kaɗai, a tsaye, a aljihun riga ba a akwati ba. Sufa gulu in ka buɗe shi a zafin bazara kwana kaɗan ne ya daskare, sayi ƙanana na amfani sau ɗaya.

Gashi ba sai ka yi odarsa daga waje ba. Zabo, zakara, agwagwa, talotalo, duk suna kasuwar Daura, gashin zabon ma masu ɗauri na Turai da Amurka saye suke yi. Ka roƙi mai figa ya cire maka na wuya da na ƙirji kafin a tsoma a ruwan zafi. Ka wanke da sabulu, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙayau. Sabon gashi kada ya haɗu da tsohon kayanka sai ya yi kamar mako a firiza, in wuta ta bari, don asu da ƙwansa a jiki suke zuwa, leda ɗaya mai asu kuma tana cinye akwati. In babu firiza, kafur ɗaya a cikin ledar ajiya ta gida. Sai dai ka fitar da gashin ya sha iska kwana biyu kafin tafiya, warin kafur ba abin kai wa tarwaɗa ba ne.

Akwatin kansa, robar abinci mai murfi mai kamawa da kyau ta fi jaka, don ba ta matsuwa, ƙura da yayyafi kuma ba sa shiga. Kayan ƙarfe a gwangwanin kayan lissafi na 'yan makaranta, a ƙasa. Ledoji a tsaye kamar littattafai. Farin ƙyalle a ninke a sama, shi zai cike gurbi kada kaya su yi ta kaɗawa, shi ne kuma shimfiɗarka in ka zauna. Jefa ɗan ƙullin nan mai shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Girgiza robar kusa da kunne, in ka ji ƙara akwai abin da bai zauna ba. A jakar baya za ka goya ta, kada ka ɗaure a kariya.

Ƙwaron da ya jiƙe kada ya koma cikin robar, tsatsa zai kai wa sauran ƙugiyoyi. Soke shi a hularka ya bushe a hanya. In ruwan baƙo ne gare ka, fara zuwa ka gaida Sarkin Ruwa ka nemi izini, ka kuma tambayi masunta abin da kifi ke ci a makon da inda suka kafa kalli, don kada ƙwaronka ya ƙare a ragar wani. In kana son gwada Zobe ta wajen Dutsin-Ma, ka tambayi halin hanya tukuna, kuma ka ƙara ƙugiya lamba 4 guda shida a leda ta uku.